Zauren da ke cikin kyamara, da dalilin da hoton jahi ke kufcewa

Idan mutum zai sayi kyamara a ƙasar nan, ko zai ɗauko mai hoto don wani sha'ani, tambaya biyu yakan yi. Ta farko, megafiksel nawa ce? Ta biyu, idan ya ɗan san kan abin, hoto nawa take ɗauka a daƙiƙa ɗaya? Amsoshin duka biyun suna rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kwali, kuma su ne dillali zai fara karanto maka. Akwai tambaya ta uku da ba kasafai ake yin ta ba, alhali ita ce mai yanke hukunci ranar da aiki ya yi zafi: idan kyamarar ta fara ɗauka a jere, daƙiƙa nawa za ta yi kafin numfashinta ya ɗauke, kuma daƙiƙa nawa za a jira kafin ya dawo?

Ra'ayina shi ne, ga duk wanda aikinsa ya shafi abu mai gudu, wannan tambaya ta uku ta fi sauran biyun muhimmanci, kuma rashin yin ta yana jawo mana asarar da ba ma lura da ita, domin hoton da ba a ɗauka ba ba ya kuka. Amsarta tana rataye ne a kan abu biyu: girman ma'ajiyar wucin gadi da ke cikin kyamara, da saurin rubutu na katin memori da aka cusa mata. Na farkon ana sayen sa tare da kyamara. Na biyun kuwa mu ne muke zaɓa da hannunmu, kuma a nan ne muka fi yin sakaci.

Inda ake jarraba kyamara

A Zariya ba sai an je ɗakin gwaji ba kafin a san ƙarfin kyamara. Sau biyu a shekara, da ƙaramar Sallah da babba, garin kan shirya mata jarrabawa. Akwai Hawan Sallah, akwai Hawan Bariki, akwai Hawan Daushe. Duk mazaunin Tudun Wada ya san yadda bakin titi ke cika maƙil tun daga Ƙofar Doka idan tawagar Sarki ta fito daga birni ta nufi Bariki, ya kuma san yawan samarin da ke kutsawa cikin taron da kyamara rataye a wuya. Wasu ma'aikatan gidajen jarida ne, wasu masu shagon hoto ne, wasu hakimi ne ya ɗauko su don su bi ayarinsa, wasu kuma ɗalibai ne da suka ari kayan aiki.

Mafi yawan hawan tafiya ce ta ƙasaita, doki na taku ɗai-ɗai, laima na juyawa, algaita da kakaki na tashi. Wannan kowace kyamara za ta ɗauka, har da ta waya. Amma akwai lokutan da komai ke faruwa cikin ƙiftawar ido: sa'ad da 'yan bindiga suka saki wuta hayaƙi ya turnuƙe, sa'ad da ingarma ya yi tsaye da ƙafa biyu, da kuma uwa uba jahi a ƙofar fada, inda mahaya ke sako dawaki a sukwane, su zo daf da Sarki su ja linzami, dawaki su yi zamiya, ƙura ta tashi, hannuwa su ɗaga da jinjina. Hoton da kowa ke nema shi ne na wannan ƙarshen, lokacin da sukuwa ta koma tsayuwa.

Doki mai gudun kilomita 40 a awa yana cin kimanin mita 11 a kowace daƙiƙa. Ko da kyamara na ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto dokin ya matsa fiye da mita ɗaya. Shi ya sa mai hoto kan danne maɓalli ya bar kyamara ta yi ta ɓarin hotuna kamar ana suyar gugguru, da fatan ɗaya daga ciki zai faɗa daidai. Dabarar ba ta da laifi. Matsalar ita ce, kyamarori da yawa ba sa iya riƙe wannan ɓarin har zuwa lokacin da ake bukatarsa.

Zaure da ƙofar cikin gida

Don a gane abin da ke faruwa, a dubi gidan Bahaushe ranar suna. Baƙi na zuwa a ayari, su taru a zaure, sannan a riƙa shigar da su cikin gida ta ƙofa guda. Muddin zauren bai cika ba, duk wanda ya zo zai sami wurin zama nan take. Da zarar ya cika, babu mai shiga daga waje sai wani ya wuce ciki. Daga wannan lokacin, faɗin ƙofar cikin gida ne ke ƙayyade saurin karɓar baƙi, komai gaggawar waɗanda ke tsaye a rana.

Haka cikin kyamara yake. Idan aka danna maɓalli, farantin da ke karɓar haske yana mayar da abin da ya gani bayanai. Bayanan ba sa wucewa kai tsaye zuwa katin memori, domin katin ba shi da saurin karɓar su. Sukan sauka tukuna a wata ma'ajiya mai tsananin sauri amma ƙarama, wadda masu sana'ar ke kira bafa. Ita ce zauren. Daga nan injin sarrafa hoto zai gyara su, ya matse su, ya tura su kan kati ɗaya bayan ɗaya. Saurin da katin ke iya karɓa shi ne faɗin ƙofa.

Wannan ya bayyana abin da masu hoto da yawa suka sha gani ba tare da sanin sunansa ba. Kyamara ta fara da ƙarfi, tana ta-ta-ta-ta, sai kawai ta koma tak, ta yi shiru, tak. Wani zai ce batir ne ya yi sanyi, wani ya ce zafi ne, wani ya ce kyamarar ta tsufa. Galibi ba ko ɗaya. Zaure ne ya cika. Ƙaramar fitilar nan da ke ci a bayan kyamara kusa da murfin kati ita ce shaidar cewa har yanzu akwai baƙin da ba su shiga gida ba.

Akwai gargaɗi a nan da ya kamata kowa ya riƙe. Ma'ajiyar wucin gadi ba ta riƙe komai idan wuta ta yanke. Duk wanda ya zare batir ko ya ciro kati alhali fitilar na ci, hotunan da ke zaure sun tafi ke nan, kuma yana iya lalata har waɗanda ake kan rubutawa.

A yi lissafi

Bari mu ɗauki misali da alƙaluma masu sauƙi. A ce kyamara ce mai megafiksel 24, tana ɗaukar ɗanyen hoto, wato tsarin RAW, wanda ƙwararru suka fi so domin yana adana duk bayanan haske ya ba da damar gyara daga baya. Irin wannan hoton yakan kai kimanin megabayit 25, wani lokaci ya haura. A ce tana ɗaukar 10 a daƙiƙa. Ke nan megabayit 250 ke kwarara cikin zaure a kowace daƙiƙa. A ce kuma zauren na ɗaukar hoto 20, wato megabayit 500.

Idan katin da ke ciki yana rubuta megabayit 30 a daƙiƙa, to 250 na shiga, 30 na fita, zaure zai cika cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai, bayan hoto 22 ko 23. Daga nan kyamarar da aka saya don tana ɗaukar 10 a daƙiƙa za ta koma ɗaukar ɗaya da ɗoriya. Idan aka saki maɓalli, sai an jira kusan daƙiƙa 17 kafin zauren ya koma wayam.

A sauya katin da mai rubuta megabayit 90. Zaure zai cika bayan daƙiƙa uku da kaɗan, an sami hoto kusan 31. Bayan ya cika kyamara za ta ci gaba da ɗaukar uku zuwa huɗu a daƙiƙa, kuma cikin ƙasa da daƙiƙa 6 ta sauke kayanta duka. A sa mata tsohon katin da ke rubuta megabayit 10 kacal, jiran zai kai daƙiƙa 50. Kyamara ɗaya ce, mai hoto ɗaya ne, kati kawai aka canza.

Yanzu a kai wannan lissafin ƙofar fada. A ƙaddara mahaya za su yi sukuwar mita 100, wato kimanin daƙiƙa 9. Mai hoton da ya danne maɓalli tun daga tasowarsu, da katin megabayit 30, zai cika zaurensa kafin dawakin su ci kwata na filin. Zai sami hoto ashirin da wani abu na dawaki can nesa, ƙanana, masu kama da juna. Lokacin da suka iso, aka ja linzami, ƙura ta tashi, kyamararsa tana ɗaukar ɗaya a daƙiƙa, kuma ba shi ne ke zaɓar wace daƙiƙa ba. Kafin ta farfaɗo, ayari na gaba ya riga ya taso. Zai koma gida da hotuna dubu, babu wanda ya fita nema a cikinsu.

A zahiri alƙaluman kan ɗan bambanta, domin injin sarrafa hoto shi ma yana da iyakarsa, kuma girman hoto na canzawa gwargwadon abin da ke cikinsa. Bangon da aka shafa wa farar ƙasa yana matsuwa ya zama ƙarami. Taron jama'a, da aikin zare a jikin alkyabba, da adon jalala, da ƙura, ba sa matsuwa da sauƙi. Ke nan hoton hawa yana cikin mafiya nauyi da kyamara za ta ɗauka, kuma adadin da kamfani ya rubuta a littafinsa yana iya raguwa a filin fada.

Abin da ke rubuce a goshin kati

A nan ne kasuwa ke cin mu da sanin da ba mu da shi. Babbar lambar da ke goshin katin SD, 120 ko 170 ko 200, kusan kullum saurin karantawa ce, wato saurin kwashe hotuna daga kati zuwa kwamfuta. Tana da amfani ga mai gaggawar gyaran hoto da dare, amma ba ta faɗin komai game da abin da zai faru a filin hawa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Saurin rubutu yakan yi ƙasa da waccan lambar, wani lokaci ƙasa sosai, kuma sau da yawa ba a rubuta shi a gaba ba.

Alamomin da ke magana a kan rubutu ƙanana ne, sai an ƙura ido. Lamba 10 a cikin zagaye mai kama da harafin C tana nufin katin ba zai gaza megabayit 10 a daƙiƙa ba. Lamba 1 a cikin harafin U ita ma 10 ce, lamba 3 a cikin U kuma 30. Sai alamomin V da aka shigo da su a 2016: V30, V60 da V90, kowace na faɗin mafi ƙarancin megabayit da katin ya yi alkawarin rubutawa a daƙiƙa ba tare da ya sare ba. Wannan alkawarin na rashin sarewa shi ne abin nema, domin akwai katunan da ke farawa da gudu su gaji a tsakiyar hanya.

Sannan akwai hanyar da ke tsakanin kati da kyamara. Tsarin UHS-I iyakarsa megabayit 104 a daƙiƙa. Tsarin UHS-II yana kaiwa 312, kuma ana gane katinsa da layi biyu na haƙoran ƙarfe a bayansa. Amma idan ramin kyamara na UHS-I ne, layi na biyun ba ya taɓa komai, katin zai yi aiki ne da saurin tsohon tsari. Wanda ya sayi kati mai tsadar gaske ya sa a kyamarar da ba ta san shi ba ya yi asarar kuɗi kamar yadda mai sayen na banza ya yi asarar hoto. Manyan kyamarorin zamani sun koma katin CFexpress, wanda nau'insa na B ke da hanyar da ta kai megabayit 2,000 a daƙiƙa. Da irinsa zaure ba ya cika da wuri, domin ƙofar ta kusa kai faɗin zauren kansa.

Sai kuma jabu. Kowa ya san kasuwanninmu ba su tsira daga katunan da aka manna wa sunan babban kamfani ba. Wani katin jinkiri ne kawai ke gare shi. Wani kuwa ƙaryar girma yake yi: ya ce shi gigabayit 128 ne alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, idan ainihin wurin ya cika sai sabon hoto ya hau kan tsoho, ko ya tafi inda ba a dawowa. Kyamara ba za ta yi ƙorafi ba. Sai an zauna gaban kwamfuta za a tarar da fayiloli marasa buɗuwa. Araha ba ta ado. Akwai manhajar kyauta mai suna H2testw da ke cika kati da bayanai ta karanto su, ta faɗi ainihin girmansa da saurinsa. Awa ɗaya ko biyu da ita ta fi kuka bayan biki.

Kyamarori uku, darasi uku

Mafi yawan kyamarorin da ke hannun masu hotonmu na hannu ne, an yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin su iso nan. Saboda haka tarihin tsofaffin samfura ya shafe mu kai tsaye.

A 2013 kamfanin Nikon ya fitar da D7100, kyamara mai kyawun hoto da kaifin saiti, tana ɗaukar har 6 a daƙiƙa. Amma zaurenta, a mafi ingancin tsarin RAW, hoto kimanin 6 yake ɗauka. Daƙiƙa ɗaya da ɗoriya, ta tsaya. Masu ɗaukar tsuntsaye da wasanni sun yi ta ƙorafi, kuma da D7200 ta fito a 2015 da siffa kusan iri ɗaya, babban abin da aka gyara shi ne zauren, ya koma ɗaukar 18. A kan kanta kyamarorin biyu kamar tagwaye suke, megafiksel 24 kowace. A ƙofar fada kuwa ɗaya ta ninka ɗaya sau uku.

Canon 5D Mark III ta 2012, wadda har yau masu hoton biki ke ji da ita, tana da rami biyu, ɗaya na katin CF, ɗaya na SD. Ramin SD ɗinta bai san tsarin UHS-I ba, saboda haka ba ya wuce kimanin megabayit 20 a daƙiƙa, ko da wane irin kati aka sa masa. Wanda ya umarce ta da ta riƙa rubuta kowane hoto a katunan biyu don gudun asara, ya ɗaure saurinta ga mafi jinkirin ramukan. Hikima ce a wurin ɗaurin aure. A wurin jahi kuwa sai an auna.

Nikon D500 ta 2016 megafiksel ɗinta bai kai 21 ba, ƙasa da na D7100. Amma tana ɗaukar 10 a daƙiƙa, kuma da katin XQD mai sauri tana iya jera ɗanyen hoto har 200 ba ta tsaya ba. Daƙiƙa 20 ke nan, sukuwa biyu cur. Wanda ke auna kyamara da megafiksel zai ɗauka ta fi D7100 rauni. Wanda ya taɓa tsayawa gaban dawaki ya san wadda zai ɗauka.

Masu cewa ido ya fi na'ura

Akwai tsofaffin masu sana'ar da za su ji duk wannan su yi murmushi. Za su ce a zamanin fim, nadi ɗaya hoto 36 ne, kowane kuɗi ne, kuma sun ɗauki jahi ba tare da wani zaure ba. Sun san kiɗa, sun san mahayi, sun san inda doki zai tsaya, sai su danna sau ɗaya. A ganinsu ɗaukar jere ragwanci ne, kamar maharbin da ya rufe ido yana ta sakin kibau.

Rabin maganarsu gaskiya ce, kuma rabi ne mai nauyi. Mafi yawan cikar zaure daga yatsa take farawa. Mai hoton da ya san hawa ba ya dannawa tun dawaki na nesa. Yana bin su da ido ta cikin kyamara, yana jira, sai saura mita ashirin ko talatin ya saki jere na daƙiƙa biyu ko uku, ya ɗaga yatsa. Da wannan horon, kyamara mai ƙaramin zaure ma za ta ba shi abin da yake so. Sanin al'ada wani ɓangare ne na sanin na'ura, kuma ɗan Zariya da ya tashi yana kallon hawa yana da jarin da baƙo mai kyamarar miliyoyi ba shi da shi.

Amma ɗaya rabin ba ya tsayuwa. Akwai abin da idon ɗan Adam ba ya iya kamawa komai ƙwarewarsa, kuma doki ne ma ya fara tabbatar da haka. A 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, wani mai hoto ɗan Ingila, Eadweard Muybridge, ya jera kyamara 12 a gefen filin sukuwa bisa ɗaukar nauyin attajirin nan Leland Stanford, don a warware gardamar ko akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duka ke barin ƙasa. Hotunan sun nuna akwai, kuma yana faruwa ne lokacin da ƙafafun suka naɗe ƙarƙashin ciki, saɓanin yadda masu zane suka daɗe suna zana su a miƙe gaba da baya. Mutane sun yi shekaru dubbai suna kallon dawaki ba su ga wannan ba. Ɗaukar jere ta samo asali ne daga wannan gaɓar da ido ya gaza.

Mai hoton fim da ya danna sau ɗaya ya dace, muna ganin hotonsa a bango. Sau nawa ya danna bai dace ba, wannan ba a rataye shi. Ƙwarewa tana kai mutum cikin daƙiƙar da ta dace, jere kuma yana ba shi zaɓi a cikin daƙiƙar: inda rawani bai rufe fuska ba, inda mashi bai gitta ido ba, inda ƙura ta tashi amma ba ta haɗiye doki ba. Yatsa mai horo da kati mai sauri abokan aiki ne, kuma wanda ya rasa ɗaya zai ji a jikinsa.

Akwai kuma masu cewa duk wannan maganar masu kuɗi ce, a lokacin da faɗuwar darajar naira ta sa kayan hoto suka yi tashin gwauron zabo. Ni kuwa a ganina tsadar ce ma ta sa maganar ta zama dole. Mai kuɗi zai sayi sabuwar kyamara mai faffaɗan zaure ya huta. Wanda ba shi da hali shi ne ya fi bukatar ya san yadda zai tatsi iyakar abin da tsohuwar kyamararsa za ta iya. A cikin duk kayan aikinsa, kati ne mafi arha da zai canza ya ga bambanci nan take.

Abin yi kafin jajibere

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin da ake bukata bai wuce minti biyar ba. A sa katin da za a yi aiki da shi, a saita kyamara yadda za a yi amfani da ita, a nufi wuri mai tarkace kamar bakin kasuwa ko bishiya mai ganye, a danne maɓalli. A ƙirga daƙiƙa nawa ta yi kafin sautinta ya canza. A saki, a ƙirga daƙiƙa nawa kafin fitilar kati ta mutu. Waɗannan lambobi biyu su ne ainihin ƙarfin kyamarar, kuma duk mai hoto ya kamata ya san su kamar yadda direba ya san inda birkinsa ke kamawa.

Idan lambobin ba su gamsar ba, akwai matakai kafin a kai ga sayen sabon abu. Ana iya komawa matsattsen RAW, wanda kyamarori da yawa ke da shi, ko a sauko daga zurfin launi na 14 zuwa na 12 a waɗanda ke ba da zaɓin. Ana iya daina ɗaukar RAW da JPEG a tare. Ana iya komawa JPEG zalla a lokacin jahi kaɗai, domin nauyinsa bai fi kashi ɗaya cikin uku na ɗanyen hoto ba a galibi, kuma JPEG mai kyau na lokacin da ya dace ya fi RAW na bayan an gama. Ana iya rage gudu daga 10 zuwa 6 a daƙiƙa don zaure ya daɗe bai cika ba. A kuma riƙa share kati a cikin kyamarar kanta bayan an kwashe hotuna an adana su wuri biyu.

Masu ɗauko mai hoto su ma suna da nasu. Ofishin yaɗa labarai na masarauta, ko na jami'a, ko gidan jarida, idan zai rubuta takardar sayen kaya, kada ya tsaya ga sunan kyamara da girman kati. Ya rubuta ajin saurin rubutu da yake so, ya tabbatar ramin kyamarar ya dace da shi, ya gwada kowane kati kafin a biya kuɗi. Wanda zai ɗauko mai hoto don hawan gidansu, ko wasan folo, ko dambe, ko lokacin da ɗalibai ke wurga huluna sama ranar yaye su, yana da haƙƙin ya tambaye shi hoto nawa kyamararsa ke jerawa kafin ta tsaya. Wanda ya san aikinsa zai amsa ba tare da ya duba ba.

Abin da ke kan faifai

Wani zai ce duk wannan dogon bayani a kan hoton doki? Hoton doki ne, amma kuma shi ne abin da jikoki za su gani. Manyan hawan da ake yawan nuna hotunansu, kamar wanda aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956 da na bikin FESTAC a 1977, sun rayu a idon waɗanda ba a haifa ba a lokacin ne saboda wani ya ɗauka kuma abin da ya ɗauka ya tsira. Da yawa daga cikin tsofaffin hotunan ƙasar Hausa baƙi ne suka ɗauka, kuma a ɗakunan ajiyar ƙasashensu suke. Yau kyamara tana hannun 'ya'yan gida. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, abin da ya ƙara jawo idon waje kan hawan dukkan masarautunmu. Tudun Wada kuwa, unguwar da Abubakar Imam ya zauna, maƙwabciyar kamfanin Gaskiya, ta daɗe da sanin cewa abin da aka adana da kyau shi ke zama tarihi.

Kuma hawa ba tabbas ba ne. A 2020 annobar korona ta sa aka dakatar da shi a masarautun Arewa. A watan Satumba na wannan shekarar Sarkin Zazzau Shehu Idris ya rasu bayan shekara 45 a kan karaga, Ahmed Nuhu Bamalli ya gaje shi. Duk waɗanda suka ɗauki hawan marigayin na ƙarshe ba su san na ƙarshe ba ne. Haka yake ga kowane hakimi, kowane tsohon bafade, kowane mai busa kakaki da ke cikin ayari. Ba a ce wa mahaya su koma su sake sukuwa don kati bai gama rubutu ba.

Saboda haka kafin Sallah mai zuwa, duk mai kyamara ya ciro katinsa ya juya shi, ya nemi ƙaramar alamar U ko V, ya yi gwajin minti biyar, ya san lambobinsa biyu. Idan kuɗin da ke hannunsa na abu ɗaya ne kacal, ya ajiye maganar sabon gilashi zuwa baɗi, ya sayi kati na gaske.